Tarihin Kwafin Halitta Don Neman Magani

A cikin tarihin ilmin likitanci da wuya a sami wata dabarar warkarwa da ta ta da ƙura kamar kwafin halitta don magani. Majalisun ƙasashe sun yi mahawara a kanta, malaman addini sun ba da fatawa, Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi shekara uku da 'yan watanni tana ja-in-ja, har an gurfanar da wani shaihin malami gaban alƙali saboda ita. Duk da haka, har yau babu wani magani da ya fito ta wannan hanya wanda wata hukumar lafiya ta yarda a riƙa bai wa marasa lafiya. Galibin gardamar da aka sha, a kan ɗan tayi aka yi ta. Alhali kuwa abin da ya yanke hukunci daga bisani wani abu ne da ba a cika ambatonsa a majalisu ba, watau ƙwan mace: nawa ake bukata, wace ce za ta bayar, kuma bisa wane sharaɗi.

Wajibi ne a fara da fayyace dabarar ita kanta. An gina jikin ɗan Adam ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai ƙwallo, kamar yadda ake samu a cikin dabino, kuma a cikin ƙwallon ne ake ajiye kundin gado, watau umarnin da mutum ya gada daga uwa da uba. Kundin yana ɗauke da sadarori kimanin 20,000, kowace da aikin da take sa a yi. Abin da ake kira kwafin halitta shi ne a sami ƙwan mace wanda maniyyi bai shige shi ba, a zare ƙwallonsa, a cusa masa ƙwallon wata ƙwaya daga jikin wani, sa'an nan a zaburar da shi da lantarki ko da sinadari don ya fara rarrabuwa kamar an ɗauki ciki. Idan aka sa abin da ya tsiro a cikin mahaifa, haihuwa ake nema ke nan. Idan kuwa aka tsai da shi bayan kwana biyar ko shida, yana ɗan ƙullutu mai ƙwayoyi ɗari da 'yan kai, aka ɗebe ƙwayoyin tushe da ke cikinsa, to, magani ake nema. Ƙwayoyin tushe su ne waɗanda ba su riga sun kama sana'a ba. Suna iya zama jini, ko tsokar zuciya, ko jijiyar ƙwaƙwalwa. Tun da kundin gadonsu na majiyyacin ne, ana sa ran garkuwar jikinsa ba za ta ɗauke su baƙi ta yaƙe su ba. In kuma cutar ta gado ce, sai a gyara sadarar da ta lalace tun ƙwayoyin suna ɗakin bincike, kafin a mai da su jikinsa. A nan ne gyaran gado da kwafin halitta suka haɗu.

Daga kwaɗo zuwa tunkiya

Asalin al'amarin ba neman magani ba ne, neman amsar wata tambaya ne. A ƙarshen ƙarni na goma sha tara wani masani Bajamushe, August Weismann, ya yi zaton yayin da tayi yake girma kowace ƙwaya takan riƙe rabonta na gado ta rasa saura. Da haka ne, da ƙwayar fata ba ta da labarin yadda ake gina hanta. A cikin 1938 wani Bajamushen, Hans Spemann, ya kawo shawarar gwajin da zai raba gardama, watau a ɗauki ƙwallon ƙwayar da ta riga ta kama sana'a a sa shi cikin ƙwan da aka zare wa nasa, a ga abin da zai fito. Shi kansa bai ga yadda hannu zai iya wannan aiki ba, har ya rasu a 1941.

Robert Briggs da Thomas King, a birnin Philadelphia ta Amurka, su ne suka fara yin nasara a 1952, suka sami talibambam daga ƙwallon ƙwayar tayin kwaɗo. Amma da suka ga nasara tana raguwa gwargwadon girman tayin da aka ɗauko ƙwallo daga gare shi, sai suka karkata ga cewa ƙwallo yakan rasa ikonsa. Wani matashi a Jami'ar Oxford, John Gurdon, shi ya rushe wannan ra'ayi a 1962. Da wani irin kwaɗon ruwa na Afirka ya yi aiki. Ya ɗauki ƙwallaye 726 daga hanjin talibambam, goma suka zama talibambam masu iyo suna cin abinci. Goman nan sun isa hujja cewa kundin gado yana nan ɗungurungum a cikin kowace ƙwaya, shafukansa kawai ake rufewa, ƙwai kuma yana da ikon sake buɗe su. To amma a lura da ɗaya lambar. Ƙwai fiye da 700 ba kome ba ne ga kwaɗuwa, wadda take zuba ɗaruruwa a dare ɗaya.

Dabbobi masu shayarwa sun fi wuya ƙwarai, har a 1984 wasu mashahuran masana biyu, James McGrath da Davor Solter, suka rubuta cewa abin ba zai yiwu a kansu ba. Shekara goma sha biyu bayan haka, ranar 5 ga Yuli 1996, aka haifi tunkiyar nan Dolly a Cibiyar Roslin kusa da Edinburgh, a ƙarƙashin Ian Wilmut da Keith Campbell. Ƙwallon da aka yi ta da shi daga hantsar wata tunkiya mai shekara shida ya fito. An haɗa ƙwai 277, 29 suka zama tayi, aka rarraba su a mahaifar tumaki 13, aka sami 'yar tunkiya ɗaya tak. Mutanen Roslin ba mutum suke hari ba. Burinsu dabbobin da za su riƙa fid da magani a cikin nononsu, kuma a 1997 suka sami wata tunkiya, Polly, wadda aka dasa wa sadarar gadon ɗan Adam mai sa jini ya daskare. Sai ga shi a watan Nuwamba 1998 James Thomson na Jami'ar Wisconsin ya sanar da cewa ya ciro ƙwayoyin tushe daga tayin ɗan Adam, irin wanda ya yi saura a asibitocin neman haihuwa, kuma suna ci gaba da hayayyafa a ɗakin bincike. Duk mai hankali da ya jera labarin Roslin da na Wisconsin ya ga inda aka dosa.

Gardamar ɗan tayi

Ingila ta tarar da wannan lokaci a shirye. Tun bayan haihuwar Louise Brown a 1978, wadda ita ce farkon jaririyar da aka haɗa ƙwanta da maniyyi a wajen mahaifa, gwamnati ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Mary Warnock, wanda a 1984 ya ba da shawarar a yarda da bincike a kan tayi har kwana 14, kada a wuce. Dokar 1990 ta tabbatar da haka. A 2001 Majalisar Ingila ta buɗe ƙofar kwafi don magani, ta kuma haramta kwafi don haihuwa, sa'an nan a Agusta 2004 aka ba masu bincike na Newcastle lasisi na farko. Amurka kuwa ta kasa yin doka ɗaya. Abin da ta yi shi ne hana kuɗin gwamnatin tarayya shiga duk wani bincike da za a ƙirƙiri tayi ko a lalata shi, tun daga 1996, ta bar jihohi da kamfanoni kowa ya kama gabansa.

Masu adawa suna da hujja biyu. Ta farko ita ce tayi ɗan Adam ne tun daga farkonsa, don haka ƙirƙirarsa da niyyar rushe shi mai da mutum kayan aiki ne. Wannan shi ne matsayin Cocin Katolika tun daga takardar da Fadar Paparoma ta fitar a 1987. Ta biyu ita ce duk wanda ya ƙware wajen yin tayi don magani ya riga ya ƙware wajen yin jariri, mahaifa kaɗai ta rage masa. Malaman Musulunci sun bi wata hanya dabam, saboda bambancin da fiƙihu ya yi tsakanin tayi kafin busa rai da bayansa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta haramta kwafin mutum a zamanta na Jidda a 1997. A ƙarshen 2003 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, a Makka, ta halatta ƙwayoyin tushe daga jikin baligi, da cibiyar jariri, da ragowar tayin asibiti in iyaye sun yarda, amma ba ta halatta waɗanda aka samo ta hanyar kwafi ba.

A Majalisar Ɗinkin Duniya, Faransa da Jamus suka kawo ƙudurin hana kwafi don haihuwa a 2001, suna tsammanin ba wanda zai ja da su. Sai Kosta Rika da Amurka suka ce a hana duka biyun ko a fasa. A Nuwamba 2003 Iran, da sunan ƙasashen Musulmi, ta nemi a ɗage maganar, aka amince da ƙuri'a 80 a kan 79. Abin da aka ƙare da shi ranar 8 ga Maris 2005 sanarwa ce kawai wadda ba ta ɗaure kowa ba: ƙasashe 84 suka yarda, 34 suka ƙi, 37 suka ƙaurace. A can ƙasan sanarwar akwai wani sashe da bai sami shiga kanun labarai ba, wanda ya nemi ƙasashe su hana a ci da gumin mata da sunan bincike. Kafin shekarar ta ƙare, shi ne ya zama sashe mafi muhimmanci.

Ta fuskar yiwuwa kuwa, an riga an sami hujja a jikin ɓera. A 2002 ɗakunan binciken Rudolf Jaenisch da George Daley, a Massachusetts, suka ɗauki ɓeran da aka haifa ba shi da cikakkiyar garkuwar jiki saboda lalacewar sadara ɗaya, suka yi kwafinsa daga ƙwayar wutsiyarsa, suka ciri ƙwayoyin tushe, suka gyara sadarar, suka mai da su jikin ɓeraye masu irin cutar. Garkuwar ta farfaɗo, ko da yake ba duka ba. Kowane mataki na dabarar ya tabbata ke nan. Saura mutum.

Abin da ya faru a Seoul

Mace ba kwaɗuwa ba ce. Bisa al'ada ƙwai ɗaya take saki a wata. Don a sami goma ko goma sha biyar a lokaci guda, sai an yi mata allurai kullum na kwana goma ko fiye, sa'an nan a sa mata maganin barci a zuƙo su da doguwar allura. Wasu matan cikinsu yakan kumbura ya tara ruwa, jini ya daskare a jijiya, har a kwantar da su a asibiti, jefi-jefi kuma akan rasa rai. Matar da take neman haihuwa tana ɗaukar wannan kasada don amfanin kanta. Wadda ta bayar don bincike ba ta da abin da za ta ƙaru da shi. Idan majiyyaci ɗaya yana bukatar ƙwai ɗari biyu, to, mata goma sha biyar ko ashirin masu lafiya za su sha wannan wuya dominsa. Saboda haka tambayar ko abin zai yiwu da tambayar ko ya halatta duk lamba ɗaya ce take amsa su.

A Fabrairu 2004 Hwang Woo-suk, likitan dabbobi a Jami'ar Ƙasa ta Seoul a Koriya ta Kudu, ya buga a mujallar Science cewa ya sami ƙwayoyin tushe daga kwafin tayin ɗan Adam, da ƙwai 242 na mata 16. A Mayu 2005 ya sake bugawa cewa ya yi wa majiyyata daban-daban zuriyar ƙwayoyi 11 da ƙwai 185 kacal, watau ƙwai 17 ga kowace. Wannan lamba ita ce ta girgiza duniya, domin ta nuna mace ɗaya ko biyu sun isa. Gwamnati ta naɗa shi babban masanin ƙasa, aka buga kan sarki mai hoton mutum yana tashi daga keken guragu yana tafiya.

Ta wajen ƙwai ɓarakar ta fara. Tun a Mayu 2004 mujallar Nature ta ba da labarin cewa wata ɗalibarsa tana cikin waɗanda suka bayar, aka musanta. Wani tsohon ma'aikacin ɗakin binciken ya kai magana ga 'yan jaridar gidan talabijin na MBC. A Nuwamba 2005 abokin aikin Hwang Ba'amurke, Gerald Schatten, ya janye jiki, shugaban wani asibiti ya amsa cewa ya biya mata kuɗi, shi kuma Hwang ya fito ya yarda cewa biyu daga cikin ƙananan ma'aikatansa mata sun ba da ƙwansu. Ba sai an faɗa ba, ɗalibar da digirinta yake hannun malaminta ba a ce ta bayar da son ranta, ko da ta rantse. Abin takaici, jama'a ba haka suka gani ba. 'Yan jaridar aka mai da maciya amanar ƙasa, masu talla suka janye daga shirinsu, ɗaruruwan mata suka rubuta sunayensu za su ba da ƙwai kyauta.

Ba a jima ba wasu matasan masana na Koriya suka lura cewa hotunan da aka ce na zuriyoyi daban-daban ne, hoto ɗaya ne aka maimaita. Ranar 10 ga Janairu 2006 kwamitin jami'ar ya bayyana cewa babu zuriya ko ɗaya da aka samu ta hanyar kwafi. Karen da Hwang ya yi kwafinsa, Snuppy, shi ne na gaskiya. Ƙwan da aka kashe kuwa ba 427 ba ne kamar yadda aka rubuta, ya haura 2,000, daga mata fiye da 100, da yawansu an biya su, wasu kuma sun kwanta ciwo. A 2009 kotu ta same shi da laifin almubazzaranci da dukiyar bincike da karya dokar ƙwai, ta yanke masa ɗaurin shekara biyu na jeka-ka-gyara-halinka.

Bayan wannan sai ƙwai ya ƙara tsada. A jihar Massachusetts doka ta hana biya, masu bincike na Harvard suka daɗe suna cigiya, mace ɗaya suka samu. A Newcastle aka koma rage wa matan da suke neman haihuwa kuɗin asibiti in sun yarda a raba ƙwansu, har a 2008 aka gwada sa ƙwallon mutum a ƙwan saniya. Jihar New York kuwa a 2009 ta yarda a biya har dala 10,000. In an hana biya ba a samu, in an biya talaka ce za ta zo. Babu wanda ya warware wannan ƙulli.

Hanyar da ta kewaye

Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto a Japan ya yi wata tambaya dabam: mene ne a cikin ƙwai yake sake buɗe shafukan kundin? Shi da ɗalibinsa Kazutoshi Takahashi suka tara sadarori 24 da suke zargi, suka riƙa cire ɗaya bayan ɗaya, har suka tsaya a kan huɗu. A 2006 suka nuna huɗun nan sun isa su mai da ƙwayar fatar ɓera ƙwayar tushe, a Nuwamba 2007 kuma aka yi da ta mutum. Babu ƙwai, babu tayi. A cikin watan nan Ian Wilmut da kansa ya ce ya bar kwafi ya koma wannan hanya. A Disamba 2007 Jacob Hanna, a ɗakin binciken Jaenisch, ya maimaita gwajin 2002 da sabuwar dabarar, a kan ɓerayen da aka dasa wa sadarar cutar sikila ta ɗan Adam. Aka gyara sadarar, aka mai da ƙwayoyin, jininsu ya gyaru. A 2012 aka raba lambar Nobel tsakanin Yamanaka da Gurdon, shekara hamsin cif bayan talibambam ɗin Oxford.

Abin da Hwang ya yi ƙaryarsa ya tabbata a Mayu 2013, a hannun Shoukhrat Mitalipov na Oregon. Ya daɗe yana koyo a kan birai, inda a 2007 ya kashe ƙwai 304 ya sami zuriya biyu. Ɗaya daga cikin dabarunsa ita ce jiƙa ƙwan a sinadarin nan mai hana barci da ke cikin gahawa da goro, don kada ƙwan ya zabura tun lokaci bai yi ba. Matan da suka bayar an biya su. A 2014 wasu suka maimaita da ƙwayoyin manya, har da na dattijo mai shekara 75 da wata mai ciwon sukari. Nasara ce ta gaske, amma ta iso kasuwa ta watse.

Tsoron da masu adawa suka yi na cewa za a zarce zuwa haihuwa bai tabbata ta wannan ƙofa ba, domin babu wani kwafin mutum da aka taɓa tabbatarwa, ko da yake a farkon 2018 masana a Shanghai sun nuna kwafin birai biyu. Ta wata ƙofar aka keta iyaka. Bayan Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier sun bayyana almakashin gyaran gado mai suna CRISPR a 2012, wani ɗan ƙasar Sin, He Jiankui, ya sanar a Nuwamba 2018 cewa an haifi tagwaye mata da ya taɓa kundin gadonsu tun suna tayi. Kotu ta ɗaure shi shekara uku. Masu hujja ta biyu suna da gaskiya game da halin ɗan Adam, a kan kayan aikin ne kawai suka yi kuskure.

Akwai kuma wata matsala da ƙurar ƙwai ta rufe, watau tsadar ɗinka wa kowane majiyyaci nasa magani. A Satumba 2014, a birnin Kobe, Masayo Takahashi ta dasa wa wata tsohuwa mai ciwon ido ƙwayoyin da aka yi daga fatarta ta hanyar Yamanaka. Aikin ya ci watanni da yawa da kuɗi wajen yen miliyan 100, har Japan ta koma tara ƙwayoyin 'yan tsirarun masu bayarwa waɗanda jikinsu ya dace da na jama'a da yawa.

Sikilar da aka warkar a jikin ɓera a 2007 ta sami maganin gyaran gado a jikin mutum bayan shekara goma sha shida, ba tare da kwafi ba, ba kuma ta hanyar Yamanaka ba. Ana ɗebo ƙwayoyin tushen jini na majiyyacin, a yi amfani da CRISPR a sake kunna irin jinin da yake yi tun yana ciki, wanda ba ya lanƙwashewa, a kashe tsohon ɓargo da magani mai ƙarfi, a mai da gyararrun. Ingila ta amince da wannan magani, Casgevy, ranar 16 ga Nuwamba 2023, Amurka ta biyo baya ranar 8 ga Disamba, aka sa masa farashin dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. Majiyyaci yakan yi makonni a ɗaki na musamman kafin sabon ɓargo ya kama, kuma maganin da ake kashe tsohon da shi yana iya hana haihuwa. Bisa ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2006, a Nijeriya kaɗai ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a kowace shekara, adadin da babu wata ƙasa da ta kai shi.